Albasar Gidan Hedley Ta Tafi Yaƙi

A Coldrigg idan ka ce wa mutum ɗansa mummuna ne, yana iya yin dariya ya ce ai dangin uwarsa ya biyo. Amma ka kuskura ka tsaya bakin lambunsa ka ce albasarsa ta bana ba ta kai ta bara ba, to ka sayi gabar da 'ya'yanka za su gada. Haka garinmu yake tun ban san kaina ba. Maza su wuni ƙarƙashin ƙasa suna haƙar kwal, su fito baƙi ƙirin, su yi wanka a gaban murhu, sannan su nufi 'yan lambunan da ke bayan layin dogo su durƙusa gaban albasa kamar masu neman gafara. Ba don miya ake noman wannan ba. Ta ci tana can gefe wajen kabeji, ba mai kallonta. Wannan ta gasa ce, wadda ake kaiwa kulob ɗin mahaƙa duk kaka a jera kan farin ƙyalle, alƙalai su zagaya da igiyar awo, wanda tasa ta fi ya tafi gida da agogon bango.

A wannan fagen gidan Hedley ba su da na biyu. Albasarsu idan ta ƙosa sai da hannu biyu ake ɗaga ta. Ga faɗin kafaɗa, ga siririn wuya, ga wani ɗan jan zobe da ya zagaye gindin wuyan, wanda duk ɗan Coldrigg da ya gani zai ce wannan ta Jos Hedley ce. Mahaifin Jos ne ya fitar da irin, kuma tun daga nan ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ƙetare shingensu da yardarsu ba. Agogon bango ya yi musu yawa har akwai wanda suka rataye a ɗakin kaji.

Wilf, ɗan Jos ɗin, shi ne mutumin da nake son ba ku labari. Gajere ne mai manyan kunnuwa, mai maganar da sai ka shanye shayinka kafin ya kai inda za shi. A ɗakin fitilun mahaƙa yake aiki, yana goge fitilun masu shiga rami yana gyarawa. Bai taɓa wuce Newcastle ba, can ɗin ma ya dawo yana cewa mutane sun yi yawa ba gaira ba dalili. Ba shi da budurwa, ba shi da abokin gaba sai wanda ya gada.

Wanda ya gada ɗin kuwa shi ne Sep Dodds, mai lambun da ke jikin nasu. Tun Wilf yana makaranta, wata safiya Jos ya tarar babbar albasar da ya ware don iri ta yi ɓatan dabo, sai ramin da ta bari. Ba wanda ya ga kome. Sep kuma bai taɓa kawo mai jan zobe gasa ba, kullum da 'yan nasa masu kama da ƙwan agwagwa yake zuwa ya ƙare a na uku ko na huɗu. Duk wannan bai hana Jos yanke hukunci ba. Daga ranar gaisuwa ta yanke. Coci ɗaya suke zuwa, kejin ƙarfe ɗaya ke sauke su cikin ramin kwal kafaɗa da kafaɗa, amma idan Jos yana son Sep ya matsa sai ya faɗa wa na kusa ya faɗa masa.

Yaƙi da Jamus bai daɗe da farawa ba ƙurar kwal ta gama da huhun Jos. Ya kira Wilf bakin gado ya danƙa masa wani tsohon gwangwanin taba cike da sabon iri. Bai yi masa wasiyyar uwarsa ba, don ya san wannan ba sai an faɗa ba.

"Kada ya fita daga hannun ɗan gidan nan," in ji shi. "Balle wancan gefen shingen."

Wilf ya ce ya ji, kuma shi idan ya ce ya ji, to ya ji.

Ba a jima ba aka kira shi sojan ƙasa. Kwamitin lambuna ya ce duk wanda ya tafi yaƙi za a shuka dankali a filinsa, ƙasa na bukatar abinci. Mamarsa gwiwa ta hana ta durƙuso, ga ta da taushin zuciya, har Wilf yana zargin tana shan shayi da matar Sep a ɓoye. Ya ga idan ya bar gwangwanin a gida, kafin ya kai tasha irin ya ƙetare shinge. Sai ya cusa shi cikin safa ya jefa a jakar soja.

Matsalar ita ce irin albasa ba ya jiran mutum. Shekara ɗaya yana nan da ransa, ta biyu ya fara ja da baya, daga nan kuma sai yadda hali ya yi. Don a sabunta shi sai an yafa ya yi kai a shekarar farko, a sake binne kan ya yi fure a ta biyu. Ke nan Wilf yana bukatar yaƙi ya bar shi wuri ɗaya na shekara biyu. Shi a ganinsa wannan ba wani abu ba ne mai yawa da mutum zai nema daga gwamnatin da ta raba shi da aikinsa.

A bariki aka nuna masa gadonsa, ya waiwaya ya ga wanda ke kan na kusa yana washe masa haƙora. Dennis Dodds ne, ɗan Sep, dogo kamar falwaya, mai bakin da ba ya hutawa, wanda burinsa duk duniya ya zama direban bas. Soja kan haɗa 'yan gari ɗaya wuri ɗaya, a tunaninsu alheri suke yi. Wilf ya ɗaure fuska ya ƙudurta ba zai ce masa uffan ba har a gama yaƙi. Ya riƙe wannan duk tsawon horo. Sai da aka loda su a jirgin ruwa, teku ta fara jujjuya masa hanji, ya kwanta yana roƙon mutuwa, Dennis ya zauna kansa da bokiti da busasshen biskit yana rera masa waƙoƙin coci da muryar da ta fi ciwon muni. Kalmar farko da ɗan gidan Hedley ya faɗa wa ɗan gidan Dodds bayan shekara da shekaru ita ce, "Don Allah yi shiru." Daga nan ba su sake rabuwa ba.

A Masar aka yi binciken kaya. Saje Pringle ya zaro safar, ya buɗe gwangwanin, ya ga baƙin abu kamar albarushi, ya buɗe baki zai tara wa Wilf jama'a. Sai ya sake dubawa, ya shinshina. Shi ma ɗan garin kwal ne, ƙauyensu na ƙetaren kogi da namu. Ya rage murya ya tambaya ko na Jos Hedley ne. Wilf ya ce nasa ne. Saje ya mayar da murfin a hankali kamar mai rufe idon mamaci, ya yi gyaran murya, ya ce ko za a ɗan ɗebar masa abin da bai fi cikin farce ba, don tsohonsa. Wilf ya ƙame ya ce ba zai yiwu ba, Saje. Ya kwashe sati yana haƙa masai a cikin rana, kuma har ya mutu yana cewa bai taɓa yin aikin da ya yi da kwanciyar rai irin wannan ba.

Haƙa ɗin ma dai shi ne abin da ya fi iyawa a yaƙi. Harbinsa ba yabo ba fallasa, a fareti kuma kunnuwansa ne ke riƙe hular kwano. Amma da an ce a tsaya, kafin yaran birni su gama neman shebur 'yan garin kwal sun shige ƙasa sai hularsu ake gani. Wilf yakan haƙa nasa, ya haƙa rabin na Dennis, don Dennis tsawonsa ya fi ƙarfin ramin da ƙyuyarsa ke iya haƙawa. Tsoro kuwa ya ji shi, ba ya ɓoyewa. Ranar da igwa ta fara sauka kansu a hamada ya ce ya manta sunan uwarsa, amma ya tsinci hannunsa a kan aljihun da gwangwanin yake.

A hamadar nan ya yi yafin farko. Ya sami akwatin harsashi da aka yar, ya cika shi da yashi da kashin raƙumi, ya zuba kashi ɗaya cikin uku na irin. Ruwa kuwa kowa ɗan abin da ake auna masa ke nan na sha da aski da wanki. Da fari dariya ake yi masa. Da 'yan korayen zare suka leƙo, a wurin da ido ya yi wata da watanni bai ga kore ba, sai ga ƙartin maza suna layi da ruwan askinsu da guntun shayi a kofi. Har wani hafsa ya taɓa zuwa ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Idan za a tashi, akwatin ake fara ɗorawa a mota kafin bindiga mai jigida, Saje Pringle kuma yakan juya baya ya duba sararin sama.

Abin da Jamusawa suka kasa, kuku ne ya yi shi. An kawo musu sabon kuku, yaron kirki daga Landan, wanda a duniyarsa albasa abin ci ce. Ya ga lawashi kore shar a bayan mota, ya ga mutane sun gaji da naman gwangwani, ya ɗauko almakashi ya bi shi tas, har da tumɓuke na tumɓukewa. Ba a san me ya faru ba sai da aka fara ci, kowa yana cewa yau kam an yi girki. Wilf ya leƙa kwanonsa ya ga abin da ke yawo a ciki, ya ajiye, ya tafi bayan mota ya zauna. Kukun ya bi shi yana ba da haƙuri yana cewa ai albasa ce kawai, wanda ya ƙara ɓata lamarin. Dennis, da ko ƙanshin albasa ba ya so, ya cinye nasa ya cinye na Wilf, ya zo yana suɗe cokali.

"Mutumina, yau na ci agogon bango," in ji shi. "Idan babana ya ji zai yi alfahari da ni."

Wilf ya tambaye shi, ba a karon farko ba, ko uban nasa ne ya saci albasar Jos a wancan lokacin. Dennis ya ce babansa dattijon coci ne, shi ke zagayawa da farantin baiko ranar Lahadi, ya kamata a ji kunyar irin wannan tambaya. Kullum amsar ke nan, kuma kullum da dariya a gefen bakinsa.

Daga hamada aka ƙetara da su tsibirin Sicily. An sha wuya a can, akwai wata gada da Wilf bai taɓa yarda ya yi maganarta ba ko bayan ya tsufa. Da abin ya lafa aka sauke su hutu a wata gona a gindin wani dutse mai aman wuta da hayaƙi. Ƙasar wurin baƙa ce mai laushi, Wilf ya damƙa ya murza ya ji ƙwalla ta zo masa. Mai gonar wata tsohuwa ce, Concetta, 'yar ƙarama cikin baƙaƙen kaya, 'ya'yanta maza duk yaƙi ya kwashe. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, amma da ya nuna mata gwangwanin ta gane. Ta ja shi ta nuna masa fangali mafi kyau a jikin rijiya. Ta kuma nuna masa nata jajayen albasar da ta rataye a rumfa, Wilf ya yaba da kai saboda ladabi, a ransa yana tausaya mata.

Ya yafa rabin abin da ya rage. Wannan karon da yawa ba su fito ba, irin ya fara tsufa, amma waɗanda suka fito sun fito da ƙarfinsu. Safe da yamma shi da tsohuwar suna kan fangalin, tana yi masa faɗa da yarenta a kan yawan ban ruwa, yana mayar mata da namu a kan ta cika matse dashe. Ta fara ajiye masa ƙwai da ɓaure. Jita-jita ta bazu cewa bataliyar za ta zauna tsaron tsibirin har ƙarshen yaƙi, Wilf ya gaskata don yana so ya gaskata. Sai ga umarni a haɗa kaya, an nufi Italiya.

Concetta ta kama hannunsa ta kai shi bakin fangalin. Ta nuna dashen, ta bugi ƙirjinta, ta zana babban kai da hannuwanta, ta yi alamar fure, ta nuna gwangwanin, ta nuna hanya. Ko kurma ya gane: ya tafi, za ta raine su, ta fitar da iri, ya dawo ya karɓa. Duk mai hankali a duniya da ya rungume ta ya gode. Amma Wilf ɗan Coldrigg ne, kuma an ce masa kada ya fita daga hannun ɗan gida. Da safe kafin motoci su taso ya durƙusa ya tumɓuke dashen ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tawul. Yana ɗagowa ya ga tsohuwar tsaye a ƙofa da ƙwai a hannu. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye ƙwan a bakin rijiya ta koma ciki.

A mota Dennis bai yi wasa ba, abin da ba a saba gani ba.

"Kai dai anya kanka ɗaya?" in ji shi. "Tsohuwar nan jirgi za ta hau ta zo Coldrigg ta karɓe muku agogo? Ku da babana duk ciwonku ɗaya. Kun fi son abu ya mutu a aljihunku da ya rayu a lambun wani."

Wilf ya ce alkawari ya ɗauka. Dennis ya ce ya rabu da shi da alkawari, albasar gidan Hedley ba za ta ƙare a duniya ba ko da gwangwanin nan ya faɗa teku. Wilf ya ɗauki maganar a irin surutun Dennis na kullum. Dashen kuwa ba su kai sati ba suka ruɓe a cikin tawul, ya zubar da su a gefen wata hanya da bai san sunanta ba. Kunyar abin da ya yi wa tsohuwar ta daɗe tana cin sa fiye da asarar.

Italiya ba ta ba shi wurin yafi ba. Dutse ne bayan dutse, kogi bayan kogi, ruwan sama da taɓo har gwiwa, alfadarai na hawa da abinci suna saukowa da waɗanda aka harba. Duk lokacin sanyin nan abin da ya rage na iri yana aljihun ƙirjinsa, bai fi cikin cokali ba. Wani lokaci yakan buɗe ya duba, Dennis ya leƙo ya ce a gaishe da mutanen gida. Wilf ya san wannan ne na ƙarshe, ya kuma san idan bazarar nan ta wuce bai shiga ƙasa ba, abin da zai kai gida baƙin yashi ne kawai. Ya fara lissafin ko zai sami wani ɗan rauni mara tsanani da zai kwantar da shi asibiti mai fili a baya. Dennis ya ce shi zai harbe shi a ɗuwawu kyauta, abota ai ta fi haka.

Bazarar ta zo, itatuwa suka yi fure, rana ta fito. Wata safiya da ba a yi ko harbi ɗaya ba, Dennis ya karɓi kofin Wilf ya haɗa da nasa ya tafi ɗebo shayi wajen kuku, yana waƙarsa mara daɗi. Harsashin igwa guda ɗaya tak ya sauka a ranar, ba wanda ya san dalilin harba shi. Wilf ne ya fara isa inda Dennis yake kwance. Babu abin da za a yi, kuma Dennis bai ce kome ba, shi da bakinsa bai taɓa hutawa ba.

A gindin wasu itatuwan zaitun aka binne shi, Wilf ya haƙa kabarin, ya yi shi da tsawo yadda mai shi zai miƙe sosai. Faston soja ya yi addu'a ya wuce wajen na gaba. Mu a Coldrigg ba a sayen furen kabari a kanti, abin kunya ne. Daga lambunka kake yankowa, ko da kuwa abin da kake da shi bai taka kara ya karya ba. Wilf ya tsaya yana kallon jar ƙasar nan tsirara, ya tuna ba shi da wani lambu a duniya sai wanda ke aljihunsa. Ya durƙusa, ya barbaza ƙasar da yatsu, ya buɗe gwangwanin ya juye duka, ya rufe, ya tsiyaye ruwan gorarsa a kai.

Saje Pringle yana tsaye bayansa. Ya ce, "Ka cika yafin, Hedley. Za su matse juna."

"Na sani, Saje."

Washegari aka ɗaga su gaba.

Sauran yaƙin Wilf ya yi shi yadda ake yin aikin da ba a so, ya haƙa inda aka ce ya haƙa, ya tafi inda aka ce ya tafi. Gwangwanin ya koma gidan maɓallai da allura. Da aka sallame shi ya sauka a tashar Coldrigg cikin kwat ɗin da gwamnati ta ba shi, hannun rigar ya rufe masa yatsu. Mamarsa ta yi kuka ta ce ya rame, ta dafa masa duk ƙwan da ke gidan. Ya je lambu ya tarar da dankali. Ya je kabarin ubansa ya tsaya da hula a hannu, ya rasa ta inda zai fara, ya dawo. A kulob aka yi ta saya masa giya, ba wanda ya tambaye shi Jamusawa nawa ya gani, kowa tambayarsa ɗaya, ina irin? Ya ce babu. Kafin yamma duk gari ya ji.

Saura abu ɗaya da ba ya kaucuwa. Wanda ya dawo, dole ya je gidan abokinsa da bai dawo ba ya zauna da iyayensa. Wilf ya yi kwana biyu yana ɗagawa, a na uku mamarsa ta goge masa riga ta tura shi. Matar Sep ta buɗe masa falon gaba, wanda ba a buɗewa sai Kirsimeti ko ranar da aka kwantar da gawa. Ta kawo shayi a kofunan da ba a taɓawa. Ta tambaye shi ko Dennis ya sha wahala, ya ce bai sha ba, yana cikin waƙa ma. Ta yi dariya tana hawaye ta ce Allah sarki waɗanda suka saurara. Sep yana kujerar gefe, ya tsufa ya rankwafa, bai ko ɗaga ido ba. Sai da shayi ya ƙare ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Taso, ɗan Jos."

Suka bi layin dogo. Suka shiga lambun Sep, suka wuce kabejinsa da 'yan albasarsa masu kama da ƙwan agwagwa, suka zagaya bayan ɗakin tantabaru. Can akwai wani lungu da aka kewaye da tsofaffin ƙyamare da kwanon rufi, wanda Wilf tun yana yaro ya ɗauka juji ne. Sep ya ja wani ƙyaure gefe ya matsa.

Fangali ne guda, a share tas, ko ciyawa ɗaya babu. Albasa ce a jere, kowace sai da hannu biyu, ga faɗin kafaɗa, ga siririn wuya, ga jan zobe. A ƙarshen layin wasu sun yi tsiri sun fitar da kawunan iri, an ɗaure kowane cikin tsohuwar safar mata don kada iska ta zubar. Wilf ya dafa kwanon rufin.

Sep ya ce shi ya ɗauke albasar Jos, ba sai an tambaye shi ba. Ya ce so yake kawai ya ga ta girma a ƙasarsa. Da ta girma kuma ya gane ba inda zai kai ta, don duk wanda ya ga zoben ya san ta wa ce. Shekara da shekaru yana nomanta a lungun nan, ba gasa, ba ci, ba mai gani sai shi da Dennis, da ake sa shi cire ciyawa yana ƙunƙuni. Ya faɗi wannan duka yana kallon albasar, ba Wilf ba.

"An ce gwangwaninka ba kome ka dawo da shi," in ji shi. "Ina ka kai irin ubanka?"

"Yana kan Dennis, Baba Sep. Babu fure a wurin."

Tsohon ya juyo ya dube shi.

"Ya tsiro?"

"Ban sani ba. Washegari aka ɗaga mu."

Sep ya gyaɗa kai. Ya ce yaron nan ko ƙanshinta ba ya so, yanzu ga shi an dasa masa ita a ka, yana can yana mita. Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi. Ya zaro wuƙarsa ya yanke kan iri mafi girma, ya kwance safar.

"Gwangwanin yana jikinka?" in ji shi.

Yana jikinsa mana. Wilf ya fito da gwangwanin, ya juye maɓallan a aljihu, ya tara. Sep ya fara murza kan irin a tafinsa, rabi na shiga gwangwani rabi na zuba ƙasa. Su biyun suka durƙusa a bakin fangalin suna tsince shi ƙwaya ƙwaya.